Kalma biyu da na faɗa wa Inna a barandar asibiti

Ni mai in'ina ne. Tun a makarantar allo na san haka. In muna rera karatu gaba ɗaya bakina lafiya lau yake, amma da malam ya ce in biya ni kaɗai, sai harafi ya tsaya min a maƙogwaro, jijiyar wuya ta tashi, yara su yi tsit suna jiran a tashi su kwaikwaye ni a hanyar gida. Babanmu tela ne, rumfarsa na cikin kasuwar garinmu. In ya aike ni sayen zare ko maɓalli, samfur nake ɗauka in nuna wa mai kanti da hannu don kada in buɗe baki. Da haka na koyi zaman duniya da kalmomi kaɗan. Kuma a wurinmu yaron da ba ya magana yabonsa ake yi. "Ga kunya, ga natsuwa," haka abokan Baba suke cewa in na kai masa abinci. Babu wanda ya gane tsoro ne.

Ni ne ɗan fari. Har yau Inna ba ta taɓa kama sunana ba. "Kai" ne, ko "wannan yaron".

Ina shekara 15 ƙafafun Baba suka kumbura, fuska ta bi, fitsari ya ragu. An sha jiƙo, an sha rubutu, daga baya aka kai shi wani babban asibiti. A rana ta tara wani likita matashi ya fito da fayil a hannu ya same mu a baranda. Ba ya jin Hausa. Ya dubi Inna, ya dube ni da kayan makaranta a jikina, ya tambaya ko ina jin Turanci. Na gyaɗa kai. A tsaye, cikin abin da bai cika minti biyu ba, ya ce ƙodojin Baba duka biyu sun daina aiki, wankin ƙoda ne kaɗai zai riƙe shi, su ba su da injin, inda ake da shi akwai nisa ga tsada, kuma yadda jikin ya yi ba ya jin zai kai. Sai aka kira shi daga ciki, ya juya ya tafi.

Inna ta gyara mayafinta ta ce, "Me ya ce?"

Na buɗe baki. Kalmar da nake nema ta zo bakin leɓe ta ƙi fita. Ina jin zuciyata na bugawa har cikin kunne. Abin da ya fito sumul, ba tare da ya maƙale ba, shi ne, "Ya ce da sauƙi."

Bayan kwana uku Baba ya rasu da asuba. Ba a aika wa 'yan'uwansa na ƙauye ba. Bai yi wasiyya ba, bai faɗi wanda ke binsa bashi ko wanda yake bi ba. Har aka yi sadakar arba'in mutane na zuwa neman ɗinkinsu, mu ba mu san wane yadi ne na wa ba. Inna ba ta taɓa tayar da zancen barandar nan ba. Ni kuwa na tattara laifin duka na ɗora wa likitan, na ce in Allah ya yarda sai na zama likita, wanda ba zai yi wa uwar kowa haka ba. Rabona na laifin ban ko kalle shi ba.

Karatun likita a Najeriya shekara 6 ne in ba a samu tangarɗa ba. Shekarar farko kimiyya ce zalla, sai kusan shekara biyu na ilimin sassan jiki, da yadda suke aiki, da sinadaransu, kafin a bar ɗalibi ya taka ɗakin marasa lafiya. Majinyacina na farko gawa ce. Mu fiye da goma muke kewaye ta, warin fomalin, maganin da ke hana gawa ruɓewa, na sa mu hawaye, wasu na fita su yi amai. Ni a nan na samu wurin zama. Gawa ba ta tambaya, ba ta jiran amsa, ba ta dariya. Na haddace jijiyoyin hannu kamar yadda na haddace izu biyar ina yaro. Ko jarrabawar baki ba ta cika ba ni wahala ba, tunda amsar sunan ƙashi ce ko tsoka, kalma ɗaya in jefa in yi shiru. Na fita cikin na gaba-gaba a babbar jarrabawar da ke raba aji uku da aji huɗu.

A tsawon waɗannan shekaru an yi mana lakca biyu ko uku a kan yadda ake magana da majinyaci, bayan azahar, a aji mai zafi, kuma kowa ya san ba za ta fito a jarrabawa ba. Lokacin hutu muka ɗauke ta. Ni a kujerar baya nake zama ina bitar wani abin.

Aji huɗu aka ba mu farar riga, muka rataya abin sauraren ƙirji a wuya. Aikin ɗalibi a wannan mataki shi ne ɗaukar tarihin ciwo: ya je wurin majinyaci ya ji abin da ya kawo shi, ya duba shi, ya rubuta, gobe da safe a zagayen manyan likitoci, wanda muke kira rawun, ya tsaya ya bayar da bayani. Akwai jerin tambayoyi da aka koya mana, daga koken da ya kawo mutum har zuwa sana'arsa da irin ruwan da yake sha. Na haddace su tsaf da Turanci. Ranar farko a bakin gado na gano wani abin kunya: ban iya Hausar ciwo ba. Na san sunan kowane irin numfashi a littafi, amma ban san yadda zan tambayi tsohuwa ko numfashi na tashe ta da dare ba. Littafi ya ce a tambayi mai ciwon zuciya matashin kai nawa yake tarawa kafin ya iya barci. To wanda a tabarma yake kwana fa? Sai na koma ga dabarata ta yarinta. Na mayar da kowace tambaya gajera, irin wadda amsarta e ce ko a'a, ina jefawa ina rubutawa, idona a kan takarda.

A mako na uku aka ba ni wata yarinya da ba za ta wuce shekara 19 ba. Tana haki, ƙafafu a kumbure, ga tari. Wata tsohuwa na zaune a ƙasa kusa da gadon. Na tsaya ta wajen ƙafafu na ce sannu, na fara. Kina tari? E. Da majina? A'a. Zazzaɓi? A'a. Kina da aure? Ta gyaɗa kai. Yara nawa? Sai ta sunkuyar da kai, ta ja zani ta rufe baki. Shiru shi ne abin da na fi tsoro a duniya, don duk shirun da na sani nawa ne, ana jirana. Ban ba ta ko daƙiƙa uku ba na rubuta "babu" na wuce. Tsohuwar ta ce, "Ai likita, tun da aka..." Na tare ta na ce, "Iya, bari ta amsa da kanta." Har ina jin na yi daidai da koyarwa.

Washegari na bayar da bayanina, na ce ina zargin ciwon huhu. Babbar likitar da ke jagorantar rawun ɗin 'yar Kudu ce, Hausarta ta kasuwa ce, tana ce wa mace "ka" tana ce wa namiji "ki". Ba ta ce min komai ba. Ta jawo kujera ta zauna har kanta ya yi daidai da na yarinyar. Ta gaida tsohuwar, ina kwana, ya gajiya, ya mai jiki, ya mutanen gida. Sannan ta dubi gaban rigar yarinyar, inda ruwan nono ya jiƙa ya bushe, ta ce, "Iya, jariri yana ina?"

"Yana gida wurin gwaggonsa. Saura kwana biyar a yi arba'in."

Tsohuwar ta yi magana kusan minti uku ba wanda ya katse ta. Haihuwar fari ce, a gida. Ana wankan jego safe da yamma da tafasasshen ruwa da ganye, ana ba ta kunun kanwa. Tun mako biyu ba ta iya kwanciya, sai dai ta jingina da bango ta kwana a zaune. Duk abin da ake nema yana cikin maganar da na hana ta yi jiya.

Ciwon zuciya ne na masu jego, wanda tsokar zuciya ke yin rauni a ƙarshen ciki ko a watannin da ke biyo bayan haihuwa. Arewacin Najeriya na cikin wuraren da aka fi saninsa da shi a duniya. Likitocin da suka yi aiki a Zariya a shekarun 1970 sun danganta shi da zafin wankan jego, da kwanciya a gadon ƙasa da ake hura wa wuta, da gishirin da ke cikin kanwa, daga baya kuma bincike a Kano ya nuna hannun ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki. Duk na karanta wannan. Da a takarda aka tambaye ni, da na cika shafi biyu.

Da muka fito, likitar ta ja ni gefe. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Kai ba ɗan ƙasar nan ba ne? Mahaifiyarka tana faɗin ɗanta na fari a gaban surukarta?" Ba ta san da ɗan fari take magana ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce darasi ne. Bayan wata biyu aka kwantar da wani dattijo manomi, ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Ciwon daji ne na hanta, irin wanda ke biyo bayan daɗaɗɗen ciwon hanta nau'in B, kuma ya riga ya yi nisa. A rawun na ji an yanke cewa abin da ya rage shi ne a rage masa raɗaɗi a sallame shi ya koma cikin iyalinsa. Da Turanci aka yi maganar, a kan gadonsa, shi da ɗansa suna kallon bakunanmu.

Ɗan nasa sa'ana ne. Yana ce min Likita, ya taɓa kawo min gyaɗa a leda. Da yamma ya tare ni a wajen famfo, ya rage murya ya ce, "Likita, tsakaninka da Allah, ya jikin Baba? Akwai sanmu na huɗa guda ɗaya. In sayar?"

Ba hurumin ɗalibi ba ne ya sanar da irin wannan labari, wannan gaskiya ne. Abin da ya kamata in yi shi ne in ce masa kada ya sayar da komai tukuna, in kama hannunsa in kai shi wurin babban likita, in tsaya in fassara. Na san haka a lokacin. Amma maƙogwarona ya riga ya kulle, yana kallona, shiru na ƙara tsawo. Na ce, "Da sauƙi. A ci gaba da addu'a."

Sai da kalmar ta fita na ji muryar yaron nan mai kayan makaranta.

Ya sayar da san, ana saura kaɗan damina ta faɗi. Kuɗin ya tafi a hoton ciki a wani wuri na kuɗi, da magunguna daga waje, da wani mai maganin gargajiya da aka kwatanta masa. Dattijon bai cika mako biyu ba. Abin da ya fi ci min rai, yaron ya nemo ni kafin su tafi da gawar, ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Allah ya saka da alheri, kun yi iya ƙoƙarinku."

Daga nan na fara gudun ɗakin marasa lafiya. In sa hannu a rajista in sulale. In kwafi tarihin ciwo daga fayil in ce ni na ɗauka. A jarrabawar ƙarshen zagaye aka ba ni majinyaci, na tsaya gaban malamai biyu na maƙale a jimlar farko, na yi ta fama har ɗayansu ya dubi agogo. Na faɗi. Barci ya ƙaurace min, abinci ya fita raina, har karatun littafin da nake taƙama da shi ya gagare ni, in buɗe shafi in yi awa ɗaya a layi ɗaya. Ƙarshen shekara na faɗi babbar jarrabawa, na faɗi ta gyara, aka ce in maimaita aji. Yanzu da na san alamomin, na san ciwon damuwa ne ya kama ni. A lokacin cewa nake lalaci ne.

Ana cikin haka malaman jami'o'i suka shiga yajin aikin 2013, wanda ya ɗauke mu daga Yuli har Disamba. Na koma gida da niyyar ba zan dawo ba. Na fara tambayar yadda ake komawa fannin gwaje-gwaje, inda abokin aikinka kwalba ce da madubin ƙara girma. Wata guda ina ɗaki, sallah kaɗai ke fito da ni.

Wata rana da hantsi Inna na tsintar wake a faifai a tsakar gida, ƙannena duk sun fita. Na zauna a bakin tabarmarta. Na ɗauki lokaci mai tsawo, ina maƙalewa ina sake farawa, na gaya mata abin da likitan nan ya ce shekara tara da suka wuce, da abin da ni na ce ya ce. Ba ta ɗago ba, hannunta bai daina tsintar ba.

Ta ce, "Ai na sani."

Na yi shiru.

"Na ga fuskarsa, na ga taka. Mutum ba ya yin wannan dogon Turanci don ya ce da sauƙi. So na yi in ji daga bakin wani, in samu ƙarfin aikawa ƙauye. Da ka ce da sauƙi sai na kama, don abin da raina ke so ke nan." Ta zubar da tsakuwar da ta tara a tafin hannu. "Kai yaro ne. Ba kai ya kamata a ɗora wa ba. Da ya nemi benci ya zauna, ya sa an kira wani babba, ko da hannu ya yi min zan gane."

Na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Zaman ɗaki ba zai ba ka baki ba. Tashi ka je wurin malamin asibitin unguwa ka riƙa taya shi."

Ɗan ƙaramin asibiti ne mai ɗaki uku da rufin kwano. Malamin ba likita ba ne, ma'aikacin lafiya ne na matakin farko, saura kaɗan ya yi ritaya. Wata huɗu na yi ina rubuta masa kati ina auna hawan jini, kuma a wurinsa na koyi abin da ya riƙe ni a wannan aiki. In mace ta shigo, sai sun gama gaisuwa tsaf, har ya tambayi yara da maigida, sannan ya ce, "To Hajiya, me ke tafe da ke?" Sai ya cire tabarau ya shiga gogewa da bakin riga. Da farko na ɗauka tsufa ne. Ashe hanyarsa ce ta kame bakinsa. In ta gama, ya ce, "Sai kuma me?" In ta ƙara, ya sake cewa, "Sai kuma me?" Ya ce min koke na farko na gwaji ne, ana auna ka a ga ko za a iya sakin jiki da kai. Na gaskiyar yakan zo na uku, wani lokaci sai an kai bakin ƙofa: "Af, Malam, na manta..."

Shi ya warware min "da sauƙi". Ya ce, "Wannan gaisuwa ce, ɗana. Wanda ke gargara ma in ka ce ya jiki zai ce da sauƙi, don kada ya zama mai butulci ga Ubangiji. Bar shi ya gama godiyarsa. Sannan ka ce, sauƙin ya kai ka je masallaci da ƙafarka? Jiya ka ci tuwo, ko kunu kawai?" Na ce a raina, ashe kalmar da majinyaci ke faɗa don ladabi ita ni na ɗauka na mayar da ita mafaka.

Na sayi ƙaramin littafi na fara rubuta maganar mutane. Sanyi a bakin wata ciwon gaɓoɓi ne, a bakin wata kuma ruwa ne ke fita ta gaba tana kunyar faɗa. Basir zai iya zama kowane abu daga ƙwannafi zuwa zubar jini. Faɗuwar gaba ko tsoro ne ko bugun zuciya, sai ka bi a hankali. "Zuciyata na tashi" amai ne, "zuciyata ta ɓaci" kuma wani gida ne daban, kuma sau da yawa can ciwon yake. Ba a tambayar mace ranar da ta ga al'ada ta ƙarshe da kwanan watan Bature, sai a ce ta yi azumin bana duka ko ta sha, kafin babbar sallah ne ko bayanta. Ba ya taɓa cewa "kin sha maganin gargajiya?", don amsar a'a ce kullum. Cewa yake, "Wane taimako aka yi a gida kafin a zo?" Sai ka ji sassaƙe da jiƙo da allurar mai kemis duk sun fito. Magani sau uku a rana kuwa da sallah yake ɗaure shi, asuba, azahar, da lokacin kwanciya, sannan ya ce, "Maimaita min yadda za ki gaya wa maigida in kin koma." A nan ake gane wanda ya ji da wanda ya gyaɗa kai kawai.

Da aka janye yajin aiki na koma, cikin 'yan ajin da a da suke bayana. Mu huɗu da muka maimaita muka haɗa kai. Kowane dare bayan lisha, ɗaya ya zama majinyaci, ɗaya likita, biyu su zuba ido, a ɗauki murya a waya a saurara. Ranar farko da na ji kaina na kasa ƙarasawa. In'inar ba ita ta fi muni ba. Yadda nake tare mutum tun bai rufe baki ba, shi ya ba ni kunya.

A lokacin ne na nemi abin da aka rubuta a kan wannan fanni, na tarar ilimi ne mai zaman kansa da na raina. A 1984 wasu likitoci biyu a Amurka, Beckman da Frankel, sun ɗauki muryar ganawar likita da majinyaci har 74, suka samu cewa a matsakaici bayan daƙiƙa 18 likita ke katse mai magana. A 2002 kuma aka gwada a birnin Basel na Suwizalan, aka bar majinyata su yi bayaninsu ba katsewa, sai ga shi matsakaicin abin da suke ɗauka daƙiƙa 92 ne, mafi yawansu ba sa kai minti biyu. Minti biyun nan nake ta gudu tun farko. Na karanta tsarin Kalgari-Kambirij na 1996 da ya shimfiɗa ganawa daga sallama zuwa sallama, da matakai shida na isar da mummunan labari da Baile da Buckman da abokan aikinsu suka wallafa a 2000: a nemi wuri a zauna, a ji abin da mutum ya riga ya fahimta, a ji iya abin da yake son sani, a faɗa masa a sarari kaɗan-kaɗan, a tsaya da shi a cikin abin da ya ji, sannan a yi maganar abin da za a yi. Na ga benci da Inna ta nema shi ne mataki na farko.

Sai dai ba komai nasu ke shiga rigarmu ba. Su majinyaci ɗaya suke gani a ɗaki, shi ke yanke wa kansa hukunci. Mu kuwa gado ɗaya yana da miji, da wan miji, da uwa, da wanda ya biya kuɗin mota, kuma sau da yawa za a ja ka gefe a ce, "Likita, don Allah kada a gaya masa." Na daɗe ina kokawa da wannan. Inda na tsaya shi ne, ina girmama dangi, ina fara zama da su, amma ina gaya musu in mai ciwon ya tambaye ni da bakinsa ba zan yi masa ƙarya ba, domin akwai bashi, akwai wasiyya, akwai neman gafara, kuma nasa ne.

In'inar ba ta tafi ba. Abin da ya canja, na daina ɓoye ta. Na koyi cewa tun farko, "Baba, ina da in'ina, a yi haƙuri da ni." Ban taɓa samun wanda ya yi dariya ba. Wani tsoho ma cewa ya yi, "Haba ɗana, Annabi Musa ma ai sai da ya roƙi Allah ya warware masa ƙullin harshe," ya karanto min ayar daga Suratu Ɗaha. Kuma na lura in likita ya fara nuna nasa rauni, mai ciwo ya fi saurin fito da nasa. Na ci jarrabawar aji huɗu, na ci sauran ba tare da na sake maimaitawa ba.

Yau fiye da shekara goma ke nan da wancan yajin aiki. Ina aiki a wani asibitin gwamnati, ɗalibai na zuwa mana. Ra'ayina a kan horonsu ba ya da daɗin ji ga wasu abokan aikina: mun makara in muka bari sai aji huɗu. Yaro ya yi shekara uku da gawa da kwalba, ya saba cewa ilimi shi ne abin da ake haddacewa, sannan rana ɗaya a tura shi gaban mai jego. Tun 1963 Howard Barrows ya fara horar da mutane masu lafiya su yi wasan majinyaci don ɗalibai su gwada a kansu, a Kalifoniya. Mu ba ma buƙatar kuɗi mai yawa don wannan. Tsofaffin ma'aikatan jinya da suka yi ritaya suna nan, sun san kowace irin amsa da mutanenmu ke bayarwa. A fara tun aji biyu, a yi da Hausa da Fulatanci da Kanuri ba Turanci kaɗai ba, kuma a sa maki a kai, don ɗalibin likita ba ya girmama abin da ba a ba shi maki. Ni shaida ne.

Ba wai na zama gwani ba. Ranar da layi ya kai bakin ƙofa, ga zafi, ga ba wuta, ina jin kaina ina katse mutane, sai na dawo gida abin ya dame ni.

Watan da ya wuce aka kawo wani makiyayi da ciwon ya riga ya ci ƙarfinsa. Matarsa Fulatanci kaɗai take ji. Tare da ita akwai ɗansu, ba zai wuce shekara 13 ba, shi ke jin Hausa, shi ke ta kai-komo da kati da takardar magani tun safe. Ɗalibin da ke tare da ni ya ce, "Yallaɓai, yaron zai iya fassarawa." Na ce a'a. Na ba yaron kuɗi na ce ya je bakin get ya sayo wa innarsa ruwa, kada ya yi sauri. Muka shiga neman babba mai jin Fulatanci, sai da muka kai ɗakin haihuwa muka samu wata mai shara, ta ajiye tsintsiya ta wanke hannu ta biyo mu. Aka jawo benci. Na maƙale sau biyu kafin in kai ga kalmar, mai sharar ta jira ni, matar ma ta jira. Da ta ji, ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta tambaya ko zai kai a ɗauko yayansa daga ruga, tafiyar yini guda ce. Na ce a aika yau, kada a bari sai gobe.

Masu jira a waje sun yi ta ƙorafi, sun kuma yi gaskiya, an kusa minti arba'in. Yaron ya dawo da ruwan leda biyu da canji a hannu, ya miƙo min canjin. Uwar ta karɓi ruwan, ta jawo shi ta zaunar kusa da ita a kan bencin, ta fara yi masa magana a hankali da harshensu. Na tashi na kira na gaba.